Gwangwani Uku a Bayan Gidan Gem

Ina da shekara goma sha biyu aka miƙo mini sunana a rubuce, a gaban yaran unguwarmu, na kasa karantawa. A Karmo ne, da damina, wata Asabar da aka ɗauke wuta tun safe.

Akwai gidan gem a layinmu, inda yara ke biya su buga wasan bidiyo, ɗaki ɗaya na kwano, talabijin biyu da benci. Mu ba masu shiga ba ne, ta taga muke leƙe har mai wurin ya kore mu. In babu wuta kuma janaretansa ya ƙi tashi, sai kowa ya dawo bayan ɗakin, gindin mangwaro, inda muke da namu gem ɗin. Istifanus ne ya ƙirƙiro shi, ɗan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai. Ya samo gwangwanin madara uku ya zuba murafen kwalbar lemo, kowane murfi da rubutun biro a cikinsa. Gwangwani na farko na jarumi ne, na biyu na abin da yake yi, na uku na wuri. Ka rufe ido ka zaro ɗaya-ɗaya, ka karanta da ƙarfi, sunan sabon gem ya fito ke nan. Haka muka samu Akuya Mai Tuƙa Tirela a Cikin Masai, da Kwandasta Mai Dambe da Kada a Saman Wata. Wanda ya zaro shi zai faɗi yadda ake buga gem ɗin, yadda ake mutuwa, da wane ne ogan ƙarshe, wato babban abokin gaba da za a kayar. In ba a yi dariya ba, ya sha ranƙwashi daga kowa.

Ban taɓa shan ranƙwashi ba. A nan na fi su duka. Da safe su suna makaranta, ni ina tura kurar ruwa da babana daga bohol zuwa gidajen mutane, ina ganin abubuwa, ina jin zagi iri-iri, da yamma in zuba su cikin labari. Ba wanda ya tambaye ni ajina. Sun ɗauka ina zuwa wata makaranta a wani wuri, na bar su a haka. Murafen kuwa na haddace su kamar jarkokinmu. Ja mai lanƙwasa a gefe akuya ne. Kore mai tsatsa shi ne masai. Nakan juya murfin in ƙura wa rubutun ido, har da motsa leɓe, alhali bayansa na riga na gani. Istifanus ya sani. In na yi jim, sai ya leƙo ya faɗi kalmar kamar zumuɗi ne ya kama shi.

A makon waccan Asabar ɗin an yi biki a cocinsu Istifanus, aka kwaso murafe cike da leda. Faruk, wani yaro da babansa ke aiki a ma'aikatar gwamnati, ya zo hutu gidan kakarsa, shi ya zauna ya rubuta sababbin kalmomi ya zubar da tsofaffin a kwata. Ban sani ba, ina wajen ruwa. Da na zo aka ce layina ne. Na zaro uku, duk iri ɗaya, fes, ba tsatsa ba lanƙwasa. Na duba ban ga Istifanus ba, ashe mamansa ta aike shi sayo mai. Sai na ƙura ido na ce, Aljani Mai Sayar da Masa a Ƙarƙashin Gada. Na fara labarin, an ma fara dariya, Faruk ya ce shi bai rubuta aljani ba. Ya karɓi murafen ya duba, ya miƙo mini na farkon.

"Habu, wannan kaɗai. Me aka rubuta?"

Na riƙe shi. Hannuna yana warin roba da gumi. Wani ƙaramin yaro ɗan aji biyu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ai sunanka ne, oga." Ashe Faruk ya zuba sunayenmu cikin gwangwanin jarumai don wasan ya ƙara daɗi.

Ba su yi dariya ba. Da sun yi, da na rama da duka. Sai Faruk ya ce a bar shi, shi zai riƙa karanta mini. Na ajiye murfin a kan tushen mangwaron na tafi. Istifanus ya zo ƙofarmu har sau nawa yana cewa, "Ka zo mana, wasan ba ya daɗi in ba kai." Ban koma ba. In kura ta biyo da ni ta layin, sai in zaga ta bayan injin niƙa, ko da hanyar ta fi tudu.

Yanzu ɗana yana danna waya ta fito masa da sunayen gem na banza irin namu, ya yi dariya shi kaɗai ya wuce, ba mai tambayarsa wane ne ogan ƙarshe. Ni sai da na yi gemu na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi, a lokacin an sare mangwaron, yaran duk sun watse. Ina lodin motoci a tashar Jabi. Tun waccan Asabar ɗin ban sake ba wa taro labari ba.