Waƙar Gayya Ba 'Yan Amshi

A Ƙanƙara da ƙara ake auna situdiyo. Mawaƙi zai kawo aikinsa, ka yi kwana biyu kana bin sa da kunne, ya saurara ya ce, "Malam, ai ba ta tashi." Nufinsa idan aka sa ta a lasifikar mai shayi ranar kasuwa, kada ta maƙwabci ta danne ta. Haka na taso a sana'ar. In tura sauti har mitar kwamfuta ta wuce kore, ta wuce rawaya, ta zauna daram a kan ja, sannan in matse shi ya zama MP3 don ya shiga memorin waya. Ina ji da kaina, ba wanda ya taɓa ce mini kul.

Da wannan hannun na ɗauki waƙar wani tsoho na Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari, makaɗin gangar noma, a wurin wata gayya. Na je a babur da makirfo biyu da batirin mota. Shi yana gaba da gangarsa, jerin samari na biye suna huɗa suna amsa masa. Na dawo na haɗa, na tura ƙara, na matse. Asalin ɗaukar kuwa na goge shi, wai wuri ya yi kaɗan a kwamfutar.

Shekaru suka ja, daji ya lalace, gayya ta mutu. Abokan sana'ata biyu suka tattara suka koma birni, na rage ni kaɗai a shagon, ni da fanka. Wani lokaci sai in yi azahar zuwa la'asar ban ji sallamar kowa ba. Kaɗaici ya dame ni, ba na ɓoyewa. A irin wannan zaman ne na ci karo da waƙar tsohon, na ce sai na fitar da ita yadda ya kamata, domin ban san wata ɗauka tasa ba a duniya ban da wannan.

Na tura wa wani mai gyaran ƙarshe a Kaduna, aikin da muke ce wa mastarin. Ya kira ni.

"Malam, me ka turo mini? WAV nake so, wanda ba a matse ba. Kuma ka sauke sautin, ƙololuwarsa ta tsaya shida ƙasa da sifili a kan mita, in samu wurin aiki."

Raina ya ɓaci. Wa zai koya wa wa? Na juya MP3 ɗin zuwa WAV, na sauke shi, na sake turawa. Ya yi dariya ya ce na canza wa tuwo suna ne kawai. Ya ce in buɗe hoton sautin in duba da idona. Na buɗe. Sama a shafe, ƙasa a shafe, kamar bulo. Na sa abin kunne na saurara a hankali, karon farko a rayuwata ba da ƙarfi ba. Duk inda ganga ta sauka sai sautin ya tsage, muryar tsohon tana can ƙasa tana neman hanya. Ni na yi wannan ɓarnar, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Ba abin da ya rage sai sake ɗauka. A Faskari aka ce mini ya bar ƙauye tuni, yana Sabuwa wurin ɗiyarsa. Na shiga motar haya, kayana a cinya, kowa a motar idonsa na kan daji.

Na same shi a zaure, ya rame, gangar na rataye a bango. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, wagga waƙa ba a yin ta zaune," in ji shi. "To wa za shi amsa mani?"

"Baba, ka yi kawai, ko kaɗan ne."

Wannan karon na bi komai a tsanake. Na sa ya buga ganga iyakar ƙarfinsa, na sauke har mitar ta daina taɓa rawaya. Na duba cewa WAV nake ɗauka, na sake dubawa. Ya ja baiti na farko, muryar ta fito tas, sai ya tsaya. Na zaci numfashi yake ja. Ya ja na biyu ya sake tsayawa, daidai tsawon amshi, kansa a karkace yana sauraro. Mitar ta faɗi ƙasa. Ni ban san amshin ba, ban taɓa saurarar kalmominsa ba. Haka muka yi har ƙarshe.

Da na tura, mai gyaran ya kira ya ce yanzu na yi aiki, sautin ya zauna inda ake so.

"Sai dai akwai shiru da yawa a tsakani. In yanke?"

Na ce masa a'a, ya bar su, wurin mutane ne.