Sadakar Hadi Dillalin Jakuna

A zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, lokacin da mutumin Gwaram ba ya kama hanyar Kano sai cikin ayari saboda tsoron mahara, an yi wani dillalin jakuna a garin Sara na ƙasar Gwaram mai suna Hadi. Gajere ne mai kaurin wuya, da ɗan gemu tsilli-tsilli wanda yake ja in yana tunani. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, gidansa ma haka. Abu guda ya mallaka da yake taƙama da shi: tun da ya yi wayo, in ji shi, ɗan Adam bai taɓa cutarsa ba.

Gaskiya kuwa ya san jaki. In aka kawo masa dabba ranar kasuwa, sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai tsohon miki da aka ɓoye, ya sa a zagaya da ita yana kallon tafiyarta. Inda abin ya ɓaci, bai tsaya kan jakuna ba. Mai nono ta kawo nono, sai ya ɗanɗana ya ji ko an surka da ruwa. Baƙo ya yi sallama ya ce daga Maruta yake, sai ya tambaye shi sunan limaminsu. Matarsa Batulu takan ce ranar da aka kai ta gidansa haƙoranta kaɗai bai duba ba, shi ma don ta ƙi buɗe baki ne.

Wata damina ciwon kurkunu ya kama shi ƙafa biyu. Ya kwanta ana nannaɗe tsutsa a tsinke, ciyawa tana cin gonarsa, har maƙwabta suka yi gayya suka nome masa. Ran nan da zafi ya ishe shi, ya ɗaga murya gaban masu dubiya ya ce in Allah ya tashe shi zai yi sadakar burgami guda, jakar nan ta fatar akuya, cike da wuri. Allah kuwa ya tashe shi. Da ya san sauƙi na kusa, da a zuci ya yi maganar, amma bakin alƙalami ya bushe, mutane sun ji.

Bayan kaka ya cika burgamin, ya ɗaure bakinsa tam. Batulu ta ce, "Malam, ai ba sai an je da nisa ba. Ga mabukata nan ko'ina a garin nan."

Ya ce, "Su wa?"

Ta shiga ambata masa, yana kakkaɓewa. Wane yana da ɗa ƙato a Farin Dutse, shi ya kamata ya ciyar da shi. Wance ba talauci ke damunta ba, kwaɗayi ne. Tsohon bayan masallaci kuwa, da ƙuruciyarsa rawa ya sa gaba ana noma, yanzu ya girbi abin da ya shuka. Duk talakan Sara Hadi ya san laifinsa. Ya yanke shawara cewa matalauci na ainihi, wanda bai jawo wa kansa ba, sai babban birni, inda bai san kowa ba.

Ya bi ayarin masu kai auduga da fatu, suka kwana Birnin Kudu, suka haye kogi a Wudil, suka shiga Kano. Ya sauka gidan wani fatoma mai suna Maikuɗi, wanda fataken ƙasarsu suka saba sauka wurinsa. Washegari Juma'a ce, Maikuɗi ya ce ya zo su tafi masallaci, in mabarata yake nema yau zai gan su har ya gaji.

Ya kuwa gani. Makafi jere kafaɗa da kafaɗa suna waƙar bara, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Guragu a kan buzu, kutare can gefe, tsofaffi mata da ƙorai. Maikuɗi ya sa hannu aljihu yana tafiya yana zubawa a duk ƙwaryar da ta fi kusa da shi, ko waiwaye ba ya yi, yana ma ba Hadi labarin tsadar gishiri.

Hadi ya riƙe masa hannun riga. "Haba maigida! Ba ka ko duba wanda kake ba? In mai ido ne ya runtse fa?"

Maikuɗi ya ce, "To ya runtse mana. Ni da Allah nake cinikina, Malam Hadi. In akwai algus, su je su ƙarata can."

Hadi ya ja gemu, ya ce a ransa lallai mutanen birni arziki ya yi musu yawa har ya taɓa musu hankali.

Da aka idar da salla ya kama aiki. Ya tsuguna gaban wani makaho ya kai masa yatsa kamar zai tsone masa ido, don ya ga ko zai ƙifta. Ya sa wani gurgu ya miƙa ƙafa, ya mammatsa, ya ce wannan ƙwauri da sauran ƙarfi, in an dage zai iya tsaron shuka. Ya dubi kumatun wata tsohuwa ya ce mai yunwa ba ta yin irin wannan ƙiba. Wani kuturu ya tambaye shi, "Bawan Allah, sadaka za ka yi ko sayenmu za ka yi? In saye ne ka faɗa, mu kira dillali."

Hadi ya ce, "Ni ne dillalin."

Aka bushe da dariya tun daga wannan ƙarshen layi har wancan. Kafin la'asar duk sun san shi, ko motsin burgaminsa suka ji sai su ce, "Ga mai duba haƙora nan, kowa ya buɗe baki."

Ya yi kwanaki yana haka, tsakanin masallaci da bakin kasuwar Kurmi, wuri ko ɗaya bai fita ba. Wadda ta kusa ci ita ce wata makauniya, Kulu. Idanunta fari fat, ba gardama. Ba ɗa, ba jika. Hadi har ya fara taɓa igiyar burgami, sai zuciya ta ce masa ya bi ta ya ga makwancinta. Ya bi ta a baya tana dogara sanda har wani ɗan ɗaki a jikin ganuwa. Yana leƙawa ya ga akuya ɗaure da turke.

Ya ce, "A'a! Ashe da dukiyarki!"

Kulu ta juyo inda muryar take. "Tun daga kasuwa nake jin takunka, mai duba haƙora. Akuya ce, i. Da bara na saye ta, nononta nake sha. So kake in yanka ta in zauna da yunwa don in cancanci wurinka? Riƙe abinka. Wanda ya ba ni jiya bai tambaye ni komai ba, kuma bai mutu ba."

Hadi ya koma masauki yana godiya ga Allah da ya tsare shi daga zamba.

Kashegari yana cikin binciken wani gurgu, sai ya ji an ce a bayansa, "Kai, madalla. Tun da nake garin nan ban ga mai ido irin naka ba." Ya waiga ya ga wani mutum siriri, rigarsa ta tsufa amma wankakkiya, an yi mata faci da kyau, ga carbi a hannu. Ya ce sunansa Ɗanbala. Ya ja Hadi gefe ya rage murya.

"Malam, duk waɗannan da kake gani sana'a suke yi. Ni ɗan gari ne, na san su. Mutane ne ba sa son wahalar bincike, shi ya sa ake cinye su. Kai kaɗai na ga ka gane."

Tun da Hadi ya baro Sara bai ji magana mai daɗin wannan ba. Ya gyara tsayuwa.

Ɗanbala ya ce matalauci na gaske ba ya fitowa titi. Yana can cikin lungu, kunya ta hana shi miƙa hannu. Akwai ma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu kwanan nan, tana takaba, ga ciwon ƙirji, ba ta da kowa, rabonta da ɗora tukunya an kwana biyu. Amma shi ba ya son ya matsa wa kowa.

Hadi ya ce, "Sai na gani da idona."

"Da ka ce wani abu ban da wannan, da na raina ka," in ji Ɗanbala.

Suka shiga lungu, suka fita lungu, suka sake shiga wani, har Hadi ya daina gane gabas. Suka tsaya a wani gida da katangarsa ta zube rabi. A tsakar gida ga murhu, ga tukunya a kife, ga ƙofar ɗaki an saya da tsohon asabari. Hadi ya tsuguna ya tura yatsa cikin tokar murhu, ya ji ta sanyi ƙalau. Ya ɗaga tukunya ya shinshina, ba ƙanshin komai sai ƙura. Ya duba ko'ina, ba turke, ba akurki, ba ko kashin kaza. Ya nufi ƙofar ɗaki, Ɗanbala ya tare shi.

"Subhanallahi, Malam! Mai takaba?"

Hadi ya ja da baya da kunya. Suna tsaye sai aka yi tari daga ciki, wani busasshen tari mai fitowa daga ƙahon zuci, aka sake, aka kuma sakewa. Ɗanbala ya girgiza kai ya share ido. Hadi ya kasa kunne irin na gwani, ya ce, "Wannan tari ba na ƙarya ba ne. Na san tari."

Ya miƙa wa Ɗanbala burgami. Ɗanbala ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ba ya taɓa kuɗin sadaka, a ajiye mata a bakin ƙofa, in sun tafi ta jawo abinta ba wanda ya ga idonta. Wannan ya ƙarasa kashe Hadi. Ya ajiye, ya ce da asabarin, "Baiwar Allah, ga abin da ya sawwaƙa." Aka amsa masa da tari. Ɗanbala ya raka shi har bakin hanya, ya ce zai koma ya yi mata bayani ta bayan ƙofa.

Hadi ya isa masauki yana tafiya kamar wanda ya ci kasuwa. Ya ba Maikuɗi labari, ya ƙara da nasiha kan amfanin haƙuri da bincike. Maikuɗi ya saurara, ya ce Allah ya karɓa, ya ci gaba da cin goronsa.

Da safe Hadi ya ga ya kamata ya koma ya ji yadda ake kashe kuɗin, kada a yi almubazzaranci. Ya sha yawo kafin ya gane gidan. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, sai tari. Yana nan tsaye sai ga wani dattijo ya shigo da ƙunshin harawa a ka, ya wuce shi, ya yaye asabarin. Wata tsohuwar tunkiya ta leƙo, majina na zuba, ta dubi Hadi, ta yi masa tarin nan nasa na gaskiya.

Dattijon ya ce kangon na ɗan'uwansa ne da ya yi ƙaura tun bara waccan, shi kuma ya ware tunkiyar a nan don kada ta shafa wa sauran. Mai takaba? Bai san wata mai takaba ba. Ɗanbala? A unguwar nan akwai Ɗanbala ya fi a ƙirga.

Hadi ya fito, ya bi ta bakin kasuwa. Kulu ta ji takunsa, ta ji kuma ba ƙarar wuri.

Ta ce, "Yau burgami ya yi shiru. Mai carbin nan ne ko? Mai takaba ya nuna maka ko marayu?"

Hadi ya ce, "Kin san shi? Kuna ji yana jana, ba wanda ya ce mini uffan?"

"Ka tambaye ni shekaruna, ka tambaye ni abin da na ci, ka tambayi akuyata. Wannan ne kaɗai ba ka tambaya ba."

A hanyar komawa ya tsaya Birnin Kudu wurin wani malami, ya tambaya a kaikaice, wai wani abokinsa ne ya yi alwashin sadaka ta faɗa hannun macuci, ko sai ya sake? Malamin ya ce in da niyya mai kyau ya bayar, alwashi ya sauka, lada na wurin Allah. Hadi ya yi ajiyar zuciya. Wannan fatawa ita kaɗai ya taɓa karɓa a rayuwarsa bai duba haƙoranta ba, don ta zo masa da araha.

A Sara ya ba da labari yadda ya ga dama: ya sami wata baiwar Allah a ɓoye, ya rufa mata asiri. Bai san fataken da suka kwana gidan Maikuɗi sun ji labarin tunkiyar wurin mabarata, sun riga shi isowa da shi a baki ba. Ba wanda ya fuskance shi da zancen. Sai dai in ya zauna a dandali yana koya wa mutane yadda ake gane mabaracin ƙarya, wani daga baya yakan yi ɗan tari, a sunkuyar da kai.

Masu jakuna su suka fi kowa cin moriyar tafiyar. Sun gane ƙofar shiga. Mai son ya sayar masa da gurguwar jaka sai ya fara da zagin sauran 'yan kasuwa, ya ce duk macuta ne, Malam Hadi kaɗai ke da ido. Sa'an nan ya bar masa wani ɗan ƙaramin aibi a fili ya gano da kansa, ya yi murna, babban kuwa ya wuce. A haka jarinsa ya yi ta zagwanyewa har ya bar dillanci ya koma gona.

Ya tsufa, ya rasu da cikakken imanin cewa sau ɗaya tak aka taɓa yi masa ba daidai ba, shi ma laifin tunkiya ne. Matan da suka zo gaisuwa suka tambayi Batulu wane irin zama suka yi. Ta ce, "Alhamdulillahi, mutumin kirki ne. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa dukana ba. Yarda ce kawai bai yi da ni ba, ita kuma ya ajiye ta ne don baƙo."