Shekarar da Gwaggo Laraba Ta Kashe Wutar Jego

Duk Gozaki, in mace ta haihu, Gwaggo Laraba ake kira. Ita ke tafasa ruwan wanka ta fyaɗa wa mai jego da ganye, ta dama kunun kanwa, ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Ga faɗa kamar me! Ki ce ruwan ya yi zafi, ta ce uwarki ma da shi ta yi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ƙanwata Hansai, matar Mudi ɗan Gwaggo, ta haihu. Kafin arba'in ƙafafunta suka kumbura suntum, in ta kwanta numfashi ya sarƙe. Mata suka ce sanyi ne, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Gwaggo ta ƙara, ciwo ma ya ƙaru.

Muka kai ta asibiti a Malumfashi. Wata nas ta danna ƙafar Hansai da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Iya, zuciyarta ce ta gaji, ba ta iya tura jini. Kanwa da gishiri na tara mata ruwa, zafi na ƙara mata wahala. Ga magani. Kada ta kwanta, a jingine za ta zauna."

Na ce yau nas za ta sha zagi. Wallahi sai tsohuwa ta miƙa hannu ta karɓi maganin.

Muna komawa gida ta kwara wa wutar gadon ruwa da hannunta. Mata suka yi mata ca, wai za ta kashe 'yar mutane. An jingina Hansai da bango tana zamewa, sai Gwaggo ta hau gadon ta ɗora ta a ƙirjinta. Suruka fa! Mu da matar ɗa ko ido ba ta haɗawa da uwar miji.

Haka ta zauna damina guda. Tana ba ta tuwo da miyar lami kaɗan-kaɗan, tana shafe mata gumi, kowace safiya ta sa ni in danna ƙafar ta gani. Masu haihuwa suka daina aiko mata, ko a jikinta.

Ana yankan dawa kumburi ya saɓe. Ranar da Hansai ta tashi da ƙafarta ta goya ɗanta, Gwaggo ta yunƙura za ta miƙe, bayanta ya ƙi. A duƙe ta ƙarasa rayuwarta, kuma ban taɓa jin ta ce wash ba.