Kyamara a Cikin Langa

Duk wanda ya taɓa yin katin shaida ko ya aurar da 'ya a Gure ya san Usmanu mai hoto. Ɗan siriri ne, ga saurin magana ga saurin firgita; ko akuya ce ta yi tari a ƙofar shagonsa sai ya leƙo. A Damagaram ya koyi sana'ar, tun zamanin da ake aika fim wanki a mota, a zauna jira. Da kyamarar zamani ta shigo, mai nuna hoto a bayanta nan take, ya yi ta maza ya sayi guda, ya dinga lallaba ta kamar ƙwai. Ita ce cinsa, ita ce shansa.

Wata rana a wajen biki a Gamu, wayar wani ta yi ƙara kusa da lasifikar makaɗa, lasifikar ta hau wannan tsuwwa da kowa ya sani. Daidai lokacin kyamarar ta ɗauke. Shi ke nan, Usmanu ya samu mai laifi: rezo ne, iskar nan da waya ke kamawa. Abin da ya shiga lasifika, me zai hana shi shiga kyamara?

Modu mai gyaran waya ya ce masa, "Malam Usmanu, lasifika daban, kyamara daban. Ka duba batir, ka duba zafi da rairayi."

Ina! Mai tsoro ba ya jin irin wannan magana. Usmanu ya jefa tasa wayar cikin langar matarsa, ya rufe, ya sa aka kira. Kira bai shiga ba. Tun daga ranar kyamara ta koma kwana a langa, tafiya a langa. Kafin ya ɗauki hoto kuma, sai kowa ya kashe waya. 'Yan gari suka yi ta tsokanarsa, wai mai hoto ya koma tallan tuwo. Bai kula ba.

Ana tsakiyar bazara maƙwabciyarsa Kellu ta zo da buƙata. Mahaifinta, Baba Garbai, tsohon mai lambun dabino ne a wani kwari wajen Bune, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. In jika ya ɗaga waya, sai ya rufe fuska da rawani. Yanzu jiki ya yi nauyi, ɗansa Ibram kuma ya daɗe a Libiya ba hanyar dawowa, kullum roƙonsa a nuna masa fuskar ubansa. Da ƙyar tsohon ya amince, sau ɗaya tak.

"Shi ya sa na zo wajenka," in ji Kellu. "Ba na son na waya, mai fita dishi-dishi."

Usmanu ya amsa zai je. Bai ji daɗin abinci ba har ranar tafiya. Ya cika batir, ya sake cikawa, ya naɗe kyamara a tsumma, ya rufe a langa, ya ɗaure langar tam a bayan moto, babur ɗinsa, ya goya Kellu. Ga hanya duk tudun rairayi, moto na nutsewa, suna sauka suna turawa, rana kuwa tana dukan murfin ƙarfen nan tun hantsi. Shi hankalinsa na kan wayar da ke jakar Kellu.

Suna isa kwarin, kafin ma ya sha ruwa, ya bi 'yan gida da faifai yana karɓar wayoyi. Kashewa ba ta ishe shi ba yau. Ya sa aka kai faifan can hayin lambu, bukkar mai gadi, inda ko ihu aka yi ba a ji.

Aka fito da Baba Garbai a hankali, mutum biyu na riƙe da shi. An sa masa babbar rigarsa ta Salla, an naɗa masa sabon rawani. Ya zauna a tabarma gindin dabino, ya janye rawanin daga fuskarsa da hannunsa.

Usmanu ya taɓa murfin langa, ya fizge hannu. Zafi kamar kaskon suya. Ya zaro kyamarar, ya danna; ta buɗe ido, ta rufe. Ya cire batir, ya hura, ya mayar. Ya goge ta da gefen riga. Gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Akwai mai waya a nan," ya ce. "Don Allah a duba aljihu."

Babu mai waya. Kellu ta ce, "Baba, ka ɗan ƙara haƙuri, in ɗauko tawa." Ta kwasa da gudu cikin rairayi, mace mai jikoki, zane na harɗe ta.

Tsohon ya jira iya ƙarfinsa, numfashinsa na fita sama-sama. Can ya ce, "Ɗana, na zauna. Allah bai nufa ba." Ya mayar da rawani, ya miƙa hannu a tashe shi. Ko da Kellu ta dawo tana haki, an riga an shigar da shi ɗaki, ya juya fuska bango.

Da la'asar, a inuwa, kyamarar ta huce, ta kunnu lafiya lau. Usmanu ya roƙi arziƙi a bakin ƙofa, tsohon ya ƙi fitowa. Bai kai damina ba ya rasu.

Har yau Usmanu na shagonsa, yana ɗaukar 'yan lakwal, wato yaran makaranta, da masu neman takardu, sai dai surutun nan ya ragu. Bayan sadakar arba'in Kellu ta shigo, ta miƙa masa waya, ta ce Ibram ne. Usmanu ya karɓa da hannu biyu, ya shirya shan zagi.

Ibram bai zage shi ba. Ya ce, "Malam Usmanu, kai mai hoto ne, idonka ya fi nasu. Faɗa mini yadda ka ga fuskar Baba ran nan. Ya rame sosai? Ya yi murmushi?"

Usmanu ya laluba a ransa, bai ga fuskar ba. Duk zaman da tsohon ya yi fuska a buɗe, shi kansa na sunkuye a kan kyamara, bai ɗago ya dube shi ba ko sau ɗaya.