Dami Uku Zuwa Mambila

Shekara goma sha tara ina jan motar haya tsakanin Gumel da Maigatari, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa hawa abin da ya fi jigawar rairayi tudu ba. Na faɗi wannan tun farko don kada a zage ni da yawa in an ji abin da na yi.

Bayan girbin gero ne saƙo ya zo daga Gembu, can saman Mambila, cewa yayar mahaifiyata ba ta da lafiya. Inna Babba muke ce mata. Tun kafin a haife ni mijinta ya bi shanu da ita can, ba ta sake dawowa ba. 'Yarta ce ta bugo waya, ta ce tsohuwa ta daina cin abinci, in an kawo mata tuwon masara sai ta juya kai bango. Abu ɗaya take ambato: kunun geron gonar babansu da ke bayan Sule Tankarkar.

Inna, mahaifiyata, tana ajiye waya ta ce a ɗauro mata dami uku. Na ce, "Inna, a sussuke mana a zuba a buhu. Wa ke tafiyar kwana uku da dami?"

"Geron buhu ai ko'ina akwai shi," in ji ta. "So nake ta taɓa zangarniya da hannunta, ta san daga inda ya fito. Kai dai ja mota, Auta."

Shekarata arba'in da biyu, da 'ya'ya biyar, amma har yau Auta nake.

Kafin mu shirya, dangi sun ji labari, tafiyar mutum biyu ta zama ayari. Mota uku muka tashi daga Gumel bayan sallar asuba. Yayana na gaba da a-kori-kurarsa, shi ne madugu. Ni ina tsakiya da Inna da ƙannenta mata biyu, sai bas ɗin maƙwabcinmu a baya da sauran mutane. Yaya ya ce a sa damin a bayan tasa, Inna ta ce sam, inda take nan geronta yake. Haka na ɗaure su a saman motata da igiya. A Gagarawa Tasha wani abokin aikina ya leƙo ya ce, "Ina tampol?" Na yi masa dariya. Ruwa ya ɗauke da kusan wata guda, kara ya bushe a gona, tampol na me?

Dokar Yaya ɗaya ce: in mota ɗaya ta tsaya, duka an tsaya. Mun kuwa tsaya, ba sau ɗaya ba. A Birnin Kudu taya, a Dukku sallah da fura, a wani ƙauye bayan Kaltungo kuma awaki ne suka kwanta a tsakiyar titi suka ƙi tashi. Duk inda muka sauka sai mutane su taru suna kallon damin, wani ya tambaya ko ƙaura muke yi.  Inna kuwa sai ta zagaya motar, ta ja igiya ta ji ko ta saki, ta koma ta zauna.

Tun daga Kaltungo duwatsu suka fara girma, ni kuma na fara cika baki. Na ce da mata, "Wannan ne dutsen da ake ba mu tsoro da shi?" Muka kwana a Numan, muka kwana a Bali. Rana ta uku da hantsi muka isa Mayo Selbe, gindin hawan, na ɗaga kai na rasa inda dutsen ya ƙare, don gajimare ya rufe samansa. A nan bakina ya mutu.

Wani dattijo direban babbar mota yana shan shayi a bakin hanya. Ya dubi motata, ya dubi damin, ya tambayi daga ina. Na ce Gumel. Ya ce, "To ɗan'uwa, ka sa giya a lamba ɗaya, ka bi da motar a hankali. Kada ka yi fushi da ita." Na ce na gode, a raina kuwa na ce tsoho ya ga baƙo.

Ga inda na yi wautar. A wajenmu, in ka tunkari rairayi, da gudu ake shigarsa. Ka kuskura ka sassauta, ka nutse har ciki. Hannuna da ƙafata abin da suka sani ke nan, sai na tunkari dutse kamar yadda nake tunkarar hanyar ƙauye ranar kasuwa. Na taka mai, na wuce Yaya yana ɗaga mini hannu. Kwana ta farko, ta biyu, ta biyar, hanya na naɗewa, rami a gefe wanda ban yarda na leƙa ba. Ban kai rabin hawan ba tururi ya turnuƙe gaban mota, injin ya yi tari ya mutu. Na danne birki, ƙannen Inna na salati, na ce su sauka su sa dutse a bayan taya.

Yaya ya iso, ya fito, ya dube ni. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna jiran injin ya huce sai na ji ɗigo a wuyana. Na ɗauka tururin ne. Kafin na ɗaga kai sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko, irin na tsakiyar damina. Ashe a can damina ba ta ƙare ba. Mota uku, mutum goma sha shida, duk manoma da 'ya'yan manoma, babu mai tampol ko ɗaya. Kowa a cikinmu ya san abin da ke samun gero in ya jiƙe a dami: ya yi fumfuna, ya yi wari, ko kaza ba ta so.

Ban taɓa ganin Inna ta yi sauri irin na ranar ba. Ta ce a kwance igiya. Na ce, "Inna, ina za a sa su?" Ta ce, "A inda muka zauna." Muka cusa dami biyu a kujerar baya, na uku ya ƙi shiga, muka kwantar da kujerar gaba muka tura shi, rabinsa a waje. Inna ta cire mayafinta ta rufe, ƙannenta suka ƙara nasu. Na roƙe ta ta shiga bas. Ta ƙi, ta tsaya ta dafe mayafin da hannu biyu don kada iska ta yaye, ruwa na bin fuskarta, haƙoranta na kaɗawa. Tsohuwa mai shekara saba'in. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Na cire rigata na ɗora a kan mayafin, na tsaya kusa da ita na tare iska da bayana.

Da ruwan ya tsagaita, na zuba wa injin ruwa, na tayar. A ƙarshe Inna ta yarda ta hau motar Yaya, amma sai da ya yi alkawarin zai bi bayana ta riƙa ganin damin. Na sa lamba ɗaya. Na rantse har saman ban canza giya ba, mai tafiya a ƙasa ma zai iya wuce ni. Duk kwanar da na sha sai in ce da motar, "Yi haƙuri, saura kaɗan."

Da la'asar muka shiga Gembu. Inna Babba na kwance a ɗaki cikin bargo biyu, ta rame ƙwarai, idonta ma ba ya gani sosai. Na zaci za su rungume juna su yi kuka. Inna dai ta zauna a bakin gado, ta zaro zangarniya ɗaya, busasshiya ƙamas, ta sa mata a hannu.

Tsohuwa ta shafa ta daga gindi har kai. Ta kai hanci ta shinshina. Sai ta murje 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ta watsa a baki, tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata. Muka ji wani abu ya yi ƙaras.

Na ce, "Ayya, Inna Babba, ƙasa ce. Tofar, bari a sheƙe a wanke tukuna."

Ta ɗaga mini hannu. Ta ci gaba da taunawa a hankali, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta, har ta haɗiye.

"Rairayin gonarmu ne," ta ce. "Ku ɗora ruwan kunu. Yunwa nake ji."