Kwanson Harsashin Inna Hajo

A gidanmu na Argungu, in an gama cin tuwon shinkafa, mukan kewaye murhun kakarmu Inna Hajo. Tatsuniyoyinta duk na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. In za ta yi wannan, sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wani kwanson harsashi na tagulla, bai kai tsawon yatsa ba, ta miƙa mini.

"Riƙe, maigida. Kai ka hi su surutu, bari hannunka shi samu aiki."

Labarin wani maharbi ne mai bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wata rana aka tsinci gawar wani masunci a fadama, da harbi a ƙirji da kwanso a gefensa. Aka ce ai maharbi ɗaya ne a garin, aka ɗaure shi, can ya mutu. Matarsa ta koma wurin ta tsinci kwanso na biyu, amma ba wanda ya yarda ya kalla.

"To ku gaya min," in ji Inna, "bindigar da aka ma ɗuri ta baki, ina taka samun kwanson da za ta yas?"

Mu dai gyaɗa muke ci. Sai babanmu ya ɗaga murya daga ɗakinsa, "Inna, don Allah a bar maganar ga." Takan ce, "Ni da jikokina nika yi."

Bayan rasuwarta na je neman aure Augie, aka ce ba a ba jikan mai kisan kai. Ranar ce goggona ta gaya mini maharbin nan kakana ne, mijin Inna Hajo. Na ji haushin gidanmu fiye da na mutanen Augie. Shekara da shekaru tsohuwa tana kai ƙara gaban yara, don manya sun toshe kunne.

Na ɗauki kwanson na kai wa wani tsohon soja mai gadi a Gesse, cikin Birnin Kebbi, ana ce masa Baba Kofur. Ya goge gindin da babban yatsa, ya nuna mini leɓen da ya kewaye shi, da lambobin da aka buga, da ɗan ramin da harbi ya bari a tsakiya.

"Wanga na mak-fo na, bindigar soja ta da. Harsashi goma taka ci."

"Baba, bindigar toka fa?"

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ɗana, duk wanda yat taɓa riƙa bindiga ya san toka ba ta da kwanso."

Wato waɗanda suka yi shari'ar sun sani. Goggo ta ce a lokacin mutum ɗaya ne ke da mak-fo a garin, ƙanen wani mai arziki da ya dawo da ita daga yaƙi, yana harbin agwagin ruwa. Kowa ya sha jin ƙararta, kowa ya yi shiru. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Duk sun mutu, ba kotun da zan je. Amma 'ya'yana suna jin labarin nan a bakina, kuma ba na cewa wani maharbi. Cewa nake sunansa Mamman Dogo, kakan babanku ne, bai kashe kowa ba.