Gwaggo Ladi Mai Ɗanɗana Wa Sarki

"Sha mana," in ji Gwaggo Ladi, ta miƙo min kunun gyaɗa. Na tsaya ina leƙen kofin.

Shekarun 1990 ne, a flat ɗinta na unguwar Edmonton a Landan, na je gaisuwar neman auren Zainab, 'yar wanta. Lokacin kullum ina cikin bas da littattafan fadojin Italiya na dā, inda ango ke kurɓar abu a gidan surukai ya faɗi matacce. Kuma kowa ya san ɗanta take yi wa kamun Zainab.

Wannan bakin nawa ya ce, "Gwaggo, a fada sai an ɗanɗana wa baƙo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka zo a bas da jiƙaƙƙen takalmi? Kawo, ranka ya daɗe."

Ta shanye tas. Na koma unguwarmu Thamesmead da yunwa, na tabbata aure ya fasu.

An ba ni Zainab. Amma har yau in muka je, sai Gwaggo ta ce, "Bari a ɗanɗana wa sarki," ta tsince naman farantina.

Jama'a, akwai wanda karatu ya taɓa cuta haka?